Kafin ka biya kuɗin tokumbo, ka fara duba birkinta

Jama'a in mun je sayen mota sai mu ɓata lokaci kan fenti da esi da kujerun fata, birki kuwa ko tambaya babu, alhali ranka ne a kai. Kala uku za ka tarar a kasuwa: mai birki zalla, mai ABS kaɗai, sai wadda aka ƙara wa na'urar hana santsi, irin wadda Toyota ke rubuta TRAC da VSC, Honda kuma VSA.

Mai birki zalla ta fi arha, amma ranar da akuya ta faɗo maka kan titi ana ruwa ka danne birki, tayoyi su ƙame, to ko ka murɗa sitiyari motar inda ta nufa za ta tafi. Abin da ABS ke hanawa kenan, akwai sansa a kowace ƙafa tana lura da gudun taya, da ta ga taya na shirin ƙamewa sai kwamfuta ta riƙa saki tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa za ka ji birkin na karkarwa a ƙafarka, ba lalacewa ya yi ba don Allah kar ka ɗaga ƙafa, danne ka kauce. Sai dai a kan yashi ko burji takan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya.

TRAC kuma a totur yake aiki, in taya na juyawa a banza sai ya rage wa inji ƙarfi ko ya kama wannan tayar. In ka kafe a taɓo kashe shi za ka yi, yawancin motocin akwai maɓallinsa. VSC ko VSA kuwa shi ke daidaita motar in tana neman zamewa, kamar a kwana.

Ni dai in kuɗi sun kai, ta ukun zan ɗauka, musamman ga mai yawan hawa babban titi da damina. A Amurka tun ƙirar 2012 aka wajabta na'urar irin ta VSC, amma tsofaffin Corolla irin na 2003 zuwa 2008 ba kowacce ke da ABS ɗin ba ma.

Kuma kar ka tsaya ga maganar dillali. Murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, wutar ABS ta kama a dashbod, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. In ta tsaya a kunne akwai matsala, in ko ba ta kama ba sam wataƙila cire ƙwan aka yi don a rufe ka. Tafi da rewaya ya jona mata kwamfuta a gabanka kafin a yi maganar kuɗi.