Ajin tauhidi na Telegram da na biya dubu bakwai: ya cancanci kuɗin, amma ina da ƙorafi

Mutum uku sun tambaye ni ko ajin nan na hujjojin samuwar Allah da na shiga ya cancanci kuɗinsa, to bari in amsa gaba ɗaya. Ba zan kama sunan malamin ba tunda akwai ƙorafi a ciki.

Abin da ya kai ni shi ne ƙanina, yana aji uku a jami'a yana karanta fiziks. Ya zo hutu muna cin tuwo a tsakar gida bayan isha'i, kawai ya tsame hannu daga kwano ya ce "Yaya, in komai sai da wanda ya yi shi, to Allah wa ya yi shi?" Umma ta saki salati har ludayi ya faɗi daga hannunta. Na kawo masa hadisin da ya ce shaiɗan zai zo wa mutum da wannan tambayar, in ta zo ya nemi tsari ya bari, ya ce to Yaya, ya yi shiru, amma na san yaron nan tun yana goye, wannan ba shirun gamsuwa ba ne. Kuma fa yaro ne mai sallah, asuba ba ta wuce shi, abin ne ke cinsa a ciki ya rasa wanda zai tambaya ba a zage shi ba.

Tsarin ajin sati shida ne, Asabar da Lahadi da daddare malam yana turo murya ta kamar minti arba'in da takardar PDF, Laraba kuma tambayoyi. Naira 7,000 ake turawa, kuma ba ya cin data sosai.

Darasin farko da Ummul Barahin ya fara, littafin Imam Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 1490, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni. Hukuncin hankali uku, wajibi (abin da dole ya kasance) da mustahili (abin da ba zai taɓa yiwuwa ba) da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi). Na taɓa haddace su ina yaro amma wallahi sai yanzu na gane amfaninsu. Daga nan ya shiga hujjar da Imam Gazali ya shahara da ita, duk abin da ya fara samuwa yana da sanadi, duniya ta fara samuwa, don haka tana da sanadi, kuma a nan ya tsaya ya maimaita har sau uku cewa ba a ce "komai" ba, an ce "abin da ya fara samuwa", wanda bai da farko tambayar wa ya yi shi ba ta hau kansa ba tun asali. Nan take na tura wa ƙanina wannan guntun. Malam ya kuma faɗa mana wani Kirista Ba'amurke, William Lane Craig, ya farfaɗo da hujjar a 1979 kuma har yau a jami'o'in Turawa da sunan kalam ake kiranta, wato sunan ilimin tauhidinmu na hujjojin hankali, abin ya ba ni mamaki. Hujjar Ibnu Sina, mai cewa abubuwan da samuwarsu ta dogara da wani dole su tuƙe ga wanda bai dogara da kowa ba, ta fi wuya, sai da na saurara sau biyu, amma misalin taragon jirgin ƙasa ya taimaka, kowane tarago na gabansa ke jansa, ko ka jera su daga Kano har Legas in babu kan jirgi ba inda za su motsa.

Abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba shi ne mutumin nan ba ya ɓoye maganar ɗaya ɓangaren. Ya kawo muhawarar da aka yi a rediyon BBC a 1948 tsakanin masanin falsafa ɗan Birtaniya Bertrand Russell da wani fada mai suna Copleston, inda Russell ya tsaya kan cewa duniya tana nan ne kawai ba sai an nemo mata dalili ba, ya faɗi maganar da ƙarfinta kafin ya amsa, bai mayar da mutumin wawa ba. Ya kawo Kant, masanin falsafa na Jamus, da ya ce hankali shi kaɗai ba zai iya tabbatar da samuwar Allah ba kuma ba zai iya kore ta ba. Malam bai yarda da Kant ba, yana kan cewa hujjar hankali tana kai mutum ga yaƙini, amma ya ce mu rarrabe abu biyu, hujjar hankali daban gwajin ɗakin bincike daban. Kimiyya tana auna abin da ke da nauyi da tsawo da lokaci, to wanda ya ce maka kimiyya ta kore samuwar Allah ya ɗora mata kayan da ba nata ba, haka shi ma mai cewa an gano Allah da na'ura. Har ya ja mana kunne kan labarin nan da ke yawo a WhatsApp wai Neil Armstrong ya ji kiran sallah a duniyar wata ya musulunta, ya ce ƙarya ne, kuma ranar da yaro ya gano ka kare addini da ƙarya to ko gaskiyar ka faɗa masa ba zai ƙara saurarenka ba. Wannan maganar ta shige ni don ni ma na taɓa tura labarin.

Akwai wurin da na ji ƙwalla ta zo min, inda ya ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi raddi ga ɗaliban ilimin kalam na zamaninsa masu kafirta talakawa don ba su iya jero dalilai ba. Umma na tuna, ba ta san wajibi da ja'izi ba amma tana tashi tsakar dare tana kuka a kan sallaya.

Yanzu ƙorafi. Tambayar da ta fi kowacce nauyi, in Allah mai rahama ne kuma mai iko me ya sa jariri ke shan azaba, minti ashirin kacal aka ba ta a darasi na goma. Wata baiwar Allah ta rubuto ranar Laraba cewa 'yarta mai shekara biyu ta rasu da ciwon sikila bayan wahala mai tsawo, ta ce "Malam, ba ina jayayya ba ne, so nake zuciyata ta samu abin riƙewa", aka amsa mata da layi biyu cewa jarrabawa ce ta yi haƙuri, da ta ƙara tambaya sai admin ya goge saƙon wai an wuce wannan darasin. Raina ya ɓaci matuƙa. Amsar ba ƙarya ba ce, amma wanda ya ba Russell rabin awa ai bai kamata uwa mai makoki ta samu layi biyu ba. Admin ɗin nan dai matsala ne, akwai yaron da suka cire daga guruf don ya yawaita "to amma", alhali irinsa aka buɗe ajin dominsu. Na yi wa malam magana ta gefe ya ce zai duba, har aka gama ban ga an dawo da shi ba.

Sauran ƙanana ne, darasi na bakwai ƙarar janareto ta cinye rabinsa, kuma Larabcin da ke cikin PDF babu wasali, wanda bai yi nisa a karatu ba zai sha wuya.

In kana da ɗa ko ƙani mai irin waɗannan tambayoyin ka shiga, amma kai ka shiga ka riƙa tura masa, kar ka jefa shi hannun admin ɗin nan. In kuma rashi ne ya girgiza ka, gara ka samu malamin da zai zauna da kai ido da ido. Ƙanina ya saurari duka darussa goma sha biyun, ya ce ta Gazali ta zauna masa, amma har yanzu yana ja a kan me zai hana taragon su zama ba su da farko, jiya ma sai da ya kira ni a kai har katinsa ya ƙare, na kira shi muka ci gaba.