NDIS, Medicare ko inshorar kamfani: wa zai biya kuɗin likitar magana a Ostareliya?

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Game da 'yarki mai shekara uku da bakinta bai buɗe ba, da inshorar kamfani da kika ce ana ta kwaɗaita miki ki saya domin ta, shawarata ita ce ki nemi NDIS, shirin gwamnati na tallafa wa masu buƙata ta musamman, tun yau, ki riƙe Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, ya tallafe ki kafin ya fito, ki bar inshorar nan inda kika gan ta. Duka ukun na bi ta kansu a kan ɗana na biyu, kuma akwai ɗaya daga ciki wanda har yanzu idan na tuna kuɗin da na zuba masa sai raina ya sosu.

Yarona yana da shekara biyu da wata takwas, kalmominsa ba su kai goma ba. Idan yana son ruwa sai ya kama bakin zanina ya ja ni har gaban firij, ya tsaya yana kallona. Kakarsa daga gida kullum a waya maganarta ɗaya ce, wai ɗa namiji dama ba ya saurin magana, a dai duba ƙarƙashin harshensa ko linzami ne. An duba, ba linzami ba ne. An kuma yi masa gwajin ji aka ga kunnensa lafiya lau, kuma wannan gwajin ke ma ki fara da shi, domin duk likitar maganar da ta san aikinta shi za ta fara tambayarki. Wata malama a makarantar rainon da yake zuwa ce ta gaya mini cewa ba sai na jira takardar likita ba, zan iya ɗaukar waya da kaina in kira ƙungiyar da NDIS ta wakilta a yankinmu domin kula da ƙananan yara. Na kira, suka sa mana rana, wata mata ta zauna a ƙasa tare da shi tana miƙa masa motocin roba tana lura da abin da zai yi, ni kuma tana yi mini tambayoyi a kan cinsa, barcinsa da wasansa da sauran yara.

Bayan an amince da shi, sai muka samu zama da likitar magana sau ɗaya kowane mako ba tare da na ciro ko sisi daga jakata ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rabin aikin a kaina aka yi shi. Ta hana ni miƙa masa kofi da zarar ya nuna, ta ce in riƙe, in dube shi, in jira. Ta sa muka rubuta kalmomin Hausa da muke yawan faɗa a gida muka liƙa a jikin firij, ita ma ta koyi furta su iya ƙoƙarinta. A wata na huɗu, ina tsaye ina wanke shinkafa, ya zo bayana ya ce "Umma, ruwa". Sai da na kashe famfo na zauna a ƙasan kicin ɗin, hannuna duk ruwan shinkafa, na ce ya sake faɗa. Ya ƙi, ya ɗauki kofinsa ya yi gaba.

Dalilin da ya sa NDIS ya fi sauran nesa ba kusa ba shi ne yadda aka gina shi. Shiri ne na gwamnatin tarayya da aka fara gwajinsa a 2013, ya game ƙasar baki ɗaya a 2020, kuma ba a duba albashin iyaye kafin a karɓi yaro. Sashen ƙananan yara yana ɗaukar 'yan ƙasa da shekara tara, kuma yaron da bai kai shida ba ana iya karɓarsa saboda jinkirin girma kawai, ba sai likita ya tabbatar masa da wata lalura mai suna kamar galahanga ba. 'Yarki tana cikin wannan tazarar yanzu, kuma ita ce tazarar da ƙofar ta fi faɗi, domin da zarar yaro ya cika shida sai an kawo shaidar lalura mai ɗorewa kafin a ci gaba da shi. Ba maida miki wani kaso na abin da kika kashe ake yi ba; ana ware wa yaron kasafi ne na tsawon shirinsa, daga ciki ake biyan kowane zama. Farashin da hukumar NDIS ta ƙayyade wa likitar magana ya daɗe a kan dala 193.99 a awa guda, kuma asibitoci masu zaman kansu da yawa a kusa da wannan adadin suke caji. Ki lissafa zama arba'in a shekara, za ki ga kuɗin ya doshi dala 7,800. Wannan shi ne nauyin da ake maganar wa zai ɗauka.

Zan gaya miki gaskiya, ba kowane yaron da aka kai ake ba wa kasafi ba. Idan jinkirin bai yi tsanani ba, ko bai taɓa sauran harkokinsa na yau da kullum ba, sai su ba ki taimako na ɗan lokaci da shawarwari, su haɗa ki da wuraren da ke unguwarku. Saboda haka ranar da za ki zauna da su, ki ajiye kawaicin nan namu na "alhamdu lillahi, da sauƙi" a gida. Ki faɗi yadda take a ranarta mafi wuya: kukan da take yi idan ba a gane abin da take so ba, da yadda take raɓewa gefe idan yara suna wasa. Ba ƙarya za ki yi ba, kuma ba rashin godiya ba ne. Abin da kika faɗa shi za a rubuta.

Idan an karɓe ta za a tambaye ki yadda kike so a riƙe kuɗin. Hanyoyi uku ne: hukumar ta riƙe ta biya da kanta, amma sai wurin waɗanda suka yi rajista da ita kaɗai za ki je, ko ki riƙe da kanki kina biya kina ajiye rasit, ko a naɗa miki mai kula da asusun wanda zai riƙa biyan takardun kuɗi a madadinki. Ki zaɓi ta ukun. Ladan mai kula da asusun daban ake ware shi, ba daga kuɗin zaman yarinya ake cira ba, kuma za ki iya zuwa wurin likitar da ba ta yi rajista da hukumar ba, abin da ke rage jira ƙwarai a unguwannin da layi ya yi tsawo.

Medicare kuma amfaninsa sauri ne. Ki je wurin likitan iyalinku ki ce ya rubuta mata shirin kula da lalura mai daɗewa, wato wadda ta kai ko za ta kai wata shida. An sauya wa shirin suna a Yulin 2025, don haka kada ki ruɗe idan kika ji wasu iyaye suna kiransa da tsohon sunansa. Da wannan takardar ana maida miki dala sittin da 'yan kai a kowane zama, har zama biyar a shekara. Biyar ɗin nan ba na likitar magana kaɗai ba ne, na duk masu irin wannan aikin ne a haɗe, don haka idan aka ba mai gashin ƙashi biyu, uku suka rage. A zaman awa guda cikon da zai fito daga aljihunki ya haura dala 130, kin ga ke nan agaji ne, ba ɗauke nauyi ba. Abin da wata 'yar uwa ta koya mini, kuma ya yi mini rana, shi ne lissafin daga Janairu zuwa Disamba yake tafiya, kuma abin da ba a yi amfani da shi ba ba ya tsallakawa sabuwar shekara. Mu mun fara a Nuwamba, muka cinye biyar kafin shekara ta ƙare, muka shiga sababbin biyar a Janairu, zama goma ke nan a jere muna jiran NDIS. Akwai kuma wani sashe na Medicare ga 'yan ƙasa da shekara 25 da likitan yara ya tabbatar musu da lalura irin galahanga, wanda yake ba da zama ashirin na magani, sai dai ashirin ɗin na tsawon rayuwa ne, ba ya sabuntuwa.

Ita kuwa inshorar kamfanin, wato ta ƙari da suke kira extras, na saya, na biya shekara guda cur. Sai da na jira wata biyu kafin a fara ba ni komai, sannan iyakar da suka sa wa shekara ta ƙare tun ba mu kai ƙarshen wata na biyu da fara zuwa ba, ni kuwa ana ci gaba da cirar kuɗi daga asusuna kowane wata. Idan kuna da ita dama saboda haƙori da tabarau, ki karɓi ɗan abin da ke ciki, ba laifi. Amma ki sani ba a haɗa ta da Medicare a zama ɗaya, sai dai ki gama da ɗaya ki koma ɗaya, kuma haka nan ba a biyan cikon Medicare da kuɗin NDIS.

Duk wannan bayanin yana rataye ne da takardar zamanku, kuma ba ki faɗi irin bizar da kuke kai ba. NDIS na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin, sai wani rukuni na mutanen New Zealand. Haihuwar yaro a nan ba ta mayar da shi ɗan ƙasa nan take idan iyayensa duka biyu suna kan biza ta wucin gadi, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da yarjejeniyar lafiya da Ostareliya, don haka mai bizar karatu ba ya da Medicare. Idan a nan kuke, ki sa sunanta a cibiyar lafiya ta unguwa ki tambayi ƙa'idarsu, sannan ki nemi asibitin koyarwa na jami'o'in da ke horar da likitocin magana, inda ɗalibai ke duba yara a ƙarƙashin kulawar malamansu a farashi mai rahusa. Ko da kuna da izinin dindindin, ki sa sunan nata a cibiyar unguwa yau, domin layin yana da tsawo kuma shiga cikinsa ba ya cin kuɗi.

Ba ki tambaya ba, amma dole in ja kunnenki a kan masu cin kasuwa da kasafin yara, domin kuɗin nan ya tara ƙudaje. Wurin farko da muka je, wanda ba zan ambaci sunansa ba, tambayarsu ta farko ita ce nawa aka ware wa yaron, tun ba su tambayi sunansa ba. Da takardar kuɗi ta zo sai na ga an caje mu awa guda a zaman da na duba agogo na ga minti arba'in ne, ga kuma kuɗin rubuta rahoton da ban taɓa gani ba. Ƙa'ida ta yarda a caji rubutun rahoto da tafiya zuwa gida ko makaranta, har da zaman da kika soke a ƙurarren lokaci, amma duk daga kasafin 'yarki ake cira, don haka ki karanta yarjejeniyar kafin ki sa hannu, ki ce wa mai kula da asusun kada ya biya komai sai kin gani. Kada ki ba kowa lambar sirrinki ta myGov, shafin intanet na harkokin gwamnati, kada ki sa hannu a takardar da ba a cike ba, kuma ki guji wanda ya ce zai ba ki tsabar kuɗi ko kayan gida a madadin zama, domin sunanki ne a kan asusun. Aikin likitan magana a ƙasar nan ba ya ƙarƙashin hukumar rajistar likitoci ta AHPRA, saboda haka ki nemi sunan likitar a shafin ƙungiyar likitocin magana, Speech Pathology Australia, ki tabbatar tana da shaidarsu ta ƙwarewa da ake kira CPSP. Duk wadda ta yi miki alkawarin yarinya za ta yi magana cikin mako kaza, ko ta ce ku daina yi mata Hausa a gida wai harshe biyu ne ya ruɗa ta, ki ɗauki 'yarki ki fito. Tashi da harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma yaron da ke da jinkirin a duka harsunan yake nuna shi.

Abu na ƙarshe da ya sa nake cewa yau ba gobe ba: a Agustan 2025 ministan lafiya Mark Butler ya sanar da wani sabon shiri mai suna Thriving Kids, wanda ake nufin ya karɓi ƙananan yara masu jinkiri mai sauƙi zuwa matsakaici a maimakon NDIS. Idan kin kira wakilan yankinku, ki tambaye su kai tsaye wace ƙa'ida ce take aiki a ranar da kika kira. Ki tafi da littafin lafiyarta na jarirai, sakamakon gwajin ji, ɗan rubutu daga malamar makarantar rainonta, da jerin duk kalmomin da take faɗa, na Hausa da na Turanci a takarda ɗaya, har da irin su "mam" da take nufin abinci da shi, domin su ma ana ƙirga su. Allah Ya buɗe bakinta, Ya raya mana su baki ɗaya.