Littattafai Huɗu Kan Mutanen da Karatu Ya Ɗauke Wa Hankali: Wanne Ya Kamata Ka Fara Saya?

Manyan marubutan ƙagaggun labarai na Turai sun daɗe suna komawa kan wani jigo guda: mutumin da ya nutse cikin karatu har ya kasa raba abin da ke shafi da abin da ke gabansa. Duk wanda littafi ya taɓa hana shi barci zai so ya ga yadda gwanaye suka zana wannan hali. Huɗu ne suka fi cancanta a kashe musu kuɗi a ganina, amma sun sha bamban a tsawo, da nauyin harshe, da irin abin da suke bari a zuciya. Kowannensu kuma yana da bugu barkatai, wani cikakke, wani an datse shi, don haka sayen ɗayansu ba tare da dubawa ba cinikin biri a sama ne.

Uban tafiyar shi ne Don Quixote na Miguel de Cervantes, mutumin Sifen. Kashi na farko ya fito a 1605, na biyu a 1615. Wani dattijo ne mai shekara kusan 50 a yankin La Mancha, ya yi ta sayar da filayen nomansa yana sayen littattafan barade, yana karatu ba dare ba rana har kansa ya juye. Sai ya goge tsohon sulken kakanninsa, ya hau ramammen dokinsa, ya fita gyara duniya. Kowa ya san labarin yaƙinsa da injinan niƙa masu aiki da iska, amma wurin da ya fi taɓa ni ya zo ne kafin wannan. A babi na 6 limamin cocin ƙauyen da wanzami sun shiga ɗakin littattafansa yana barci, suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya suna yanke musu hukunci, ana wurga su ta taga don a cinna musu wuta. Daga nan aka toshe ƙofar ɗakin da gini. Da ya tashi, sai ya zo daidai inda ƙofar take a da, yana lalube bango da hannu, yana waige-waige bai ce uffan ba. Aka ce masa wani matsafi ne ya ɗauke ɗakin, ya kuwa yarda.

Abin da za ka fara dubawa shi ne jerin babobi. Cikakken littafin babi 126 ne, 52 a kashi na farko, 74 a na biyu, kuma yakan kai shafi ɗari tara ko fiye. In ka ga ɗan siriri, taƙaitacce ne, ko kuma kashi na farko kaɗai aka buga. Wannan asara ce babba, domin a kashi na biyu ne maganar ta nuna. A can mutanen da yake haɗuwa da su sun riga sun karanta kashi na farko, sun san shi, har wani basarake da matarsa suna shirya masa wasanni don su ga ya yi abin da suka karanta. A nan mai karatu zai fara tambayar kansa wane ne mai taɓin hankalin, dattijon ko masu wasa da shi.

A Turanci, fassarar Edith Grossman ta 2003 ta fi sauƙin bi, ta John Rutherford ta 2000 kuma ta fi kama barkwancin Sancho Panza, baran dattijon mai yawan karin magana. Ta John Ormsby ta 1885 ana samunta kyauta a intanet, amintacciya ce amma Turancinta ya tsufa. Mai jin Larabci yana da fassarar Abdurrahman Badawi. Sai wani abu da ya dace mai saye ya sani tun farko: Cervantes ya yi shekara biyar, daga 1575 zuwa 1580, yana tsare a matsayin fursuna a birnin Aljaza'ir, kuma akwai maganganu marasa daɗi kan Musulmi a littafin. Duk da haka shi ne ya jingina labarin ga wani ƙagaggen masanin tarihi Balarabe, kuma ya ba Ricote, ɗaya daga cikin jikokin Musulmin Andalus da aka fara kora daga ƙasar a 1609, bakin faɗin baƙin cikin rabuwa da gida.

Madame Bovary na Gustave Flaubert wata duniya ce daban. Babu dariya mai sanyaya rai a ciki. Emma 'yar manomi ce da aka kai makarantar kwana ta 'yan sista a birnin Rouen na Faransa, inda wata tsohuwa mai zuwa ɗinkin kaya takan ɓoyo littattafan soyayya a aljihu tana ara wa 'yan mata. Ta fito da hoton aure a kanta, sai ta auri Charles, wani ma'aikacin lafiya na karkara, mutumin kirki amma marar armashi. Daga nan komai na rayuwarta ya zama awo da abin da ta karanta, kuma kullum rayuwar ce ke gazawa. Surukarta har ta nemi a yanke mata aron littattafai, bai hana komai ba. Ta faɗa neman maza, ta ci bashin wani ɗan kasuwa har aka zo ƙwace kayan gida, ta ƙare da shan guba.

Wannan ba littafin da za a miƙa wa yarinya ko yaro ba ne haka kawai. Tun fitowarsa a mujalla a 1856 aka kai marubucin kotu bisa zargin ɓata tarbiyya, aka wanke shi a farkon 1857. Amma ga baligi mai son ganin yadda buri yake cin mutum a hankali, ban san wanda ya kai shi ba. Flaubert ya shafe kusan shekara biyar yana sassaƙa jimlolinsa, saboda haka fassara a nan ita ce komai. Mai Faransanci ya nemi na asali. A Turanci ta Lydia Davis ta 2010 ta fi manne wa salonsa. Bugu masu araha da yawa suna amfani da ta Eleanor Marx, 'yar Karl Marx, ta 1886, wani lokaci ma ba sa rubuta sunanta.

Northanger Abbey na Jane Austen shi ne mafi sauƙin hali. Catherine Morland 'yar shekara 17 ce da ta je garin Bath na Ingila ta kamu da littattafan ban tsoro, musamman The Mysteries of Udolpho na Ann Radcliffe. Da aka gayyace ta wani tsohon gida, sai ta buɗe wata durowa cikin dare ta sami naɗaɗɗun takardu, kyandir ya mutu, ta kwana jiki na rawa. Da safe ta duba, ashe lissafin kayan wanki ne. Ta kai har ga zargin maigidan da kashe matarsa. Bai kashe kowa ba, amma da ya gano ba 'yar masu kuɗi ba ce, ya kore ta ita kaɗai ba ɗan rakiya. Ke nan zuciyarta ba ta yi ƙarya ba game da halinsa, laifin da ta ɗora masa ne ta aro daga littafi. Austen ta sayar da rubutun fam 10 a 1803, mai bugun ya ajiye shi, bai fito ba sai a Disamban 1817 bayan rasuwarta. Gajere ne, amma kada gajartarsa ta ruɗe ka. Turancin shekara ɗari biyu da suka wuce ne, mai zagaye-zagaye, kuma ga wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, fassarar Grossman mai kauri ta fi shi sauƙi. Nemi bugu mai sharhi, irin na Oxford World's Classics ko Penguin Classics, in ba haka ba rabin habaicin zai wuce ka.

White Nights na Fyodor Dostoevsky, na 1848, a zama ɗaya ake gama shi. Saurayi ne marar suna a birnin Petersburg na Rasha, mai rayuwa cikin mafarkan da ya aro daga littattafai, shekara takwas ba shi da aboki, har gidajen kan titi yake gaisarwa, sai ya haɗu da wata yarinya na dare huɗu. Ka saye shi cikin tarin gajerun labaran marubucin, ya fi riba a kan shi kaɗai.

In guda ɗaya za ka saya, Don Quixote cikakke nake ba ka shawara, ko da zai ɗauke ka wata uku. Shi kaɗai ne ya yi wa mutumin da karatu ya ɗauke wa hankali dariya kuma ya ƙaunace shi har ƙarshe. Wanda ke tsoron kauri ya gwada kansa da White Nights tukuna, in ya ji daɗin zama cikin kan mai mafarki, sai ya wuce gaba. Madame Bovary a bar shi na ƙarshe, sai ran da zuciya take da ƙarfin ɗauka.

Kafin ka biya, buɗe shafin da ke bayan na take ka ga sunan mai fassara da shekarar fassarar. Bugun da ya ɓoye su yawanci tsohon rubutu ne aka kwafo daga intanet aka matse shi da ƙananan haruffa. Karanta shafi guda daga tsakiya, ba daga farko ba, domin nan ne za ka gane ko harshen zai tafi da kai. Doguwar gabatarwar da masana kan rubuta a gaba kuwa, tsallake ta sai ka gama, don kusan dukkansu suna fallasa ƙarshen labarin.