Hattara da masu tallar na'urar rage shan mai ga tsofaffin akori-kura

Jama'a, masu tsofaffin akori-kura masu shan fetur, a yi hattara. Akwai masu talla a Facebook da WhatsApp da ke farautar duk wanda motarsa ke turnuƙe da baƙin hayaƙi tana kwankwaɗar mai. Hajarsu iri biyu ce: ɗan akwatin roba da ake sokawa a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar binciken lafiyar mota, ƙarƙashin sitiyari, wai zai gyara wa kwamfutar mota lissafi, da maganaɗisu da ake ɗaurewa a tiyon mai. Dukansu damfara ce. In aka fasa akwatin, galibi ba a samun komai sai ƴan fitilu masu ƙiftawa, suna jan wuta daga fil na 16 na soket ɗin, wanda ke ɗauke da wutar batir ko mota na kashe. Fetur kuwa maganaɗisu ba ya kama shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta duba na'urorin rage shan mai fiye da 100, ba ta samu wadda ta yi wani abin a zo a gani ba.

Asarar kuɗin ba ita ce babbar illa ba. Kana zaman jiran na'ura ta yi aiki, ɗanyen fetur na wanke bangon silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Ciwon da sabon tiyo ɗaya zai warkar sai ya ci ring, wato zoben fistin.

Injin fetur yana son awo 14.7 na iska a kan awo 1 na mai, bisa nauyi. Mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, akwai abin da ya lalace, kuma ana gane shi da gwaji. Fara da fulogi. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, mai ne ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo tare da shuɗin hayaƙi, baƙin mai inji ke ƙonawa, wannan wata cuta ce daban. Daga nan ɗaga filtar iska ga haske. In hasken bai ratsa ba, canza ta.

Motar kabureta, bari inji ya yi zafi, ka cire murfin filta ka leƙa. Faifan cok, mai tare iska a bakin kabureta, ya kamata ya tsaya cak a buɗe. In ka ga fetur na ɗiga cikin maƙogwaron kabureta alhali inji na sulo, matsalar fulot ce, wato abin da ke yawo kan mai yana tsayar da shigarsa, ko allurarsa. Ciro fulot ɗin ka girgiza kusa da kunne, in ka ji ruwa na motsi ciki ya huje. A auna famfon mai ma: yawancin kabureta ba sa son matsin mai fiye da psi 4 zuwa 7, ya wuce haka sai ya ture allura.

Motar nozul kuwa, wato mai fesa mai ba kabureta ba, zare siririn tiyon iska da ke kan regileta mai daidaita matsin mai. Ɗigon fetur ko ɗaya a cikinsa yana nufin robar ciki ta yage, inji na zuƙar mai ta bayan fage. Sai sensar zafin ruwa, wadda aka fi mantawa da ita: a mafi yawan motoci mitar awon lantarki na nuna om (ma'aunin turjiyar wuta) 2,000 zuwa 3,000 a inji mai sanyi, ya sauko wajen 200 zuwa 300 in ya yi zafi. Idan bai sauko ba, kwamfuta na zaton har yanzu asuba ce, tana ta ƙara mai. Haka ma in an cire tamostat. Sensar salansa, mai auna iskar oksijin a hayaƙi, in tana lafiya wutarta na kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Motar da ke da OBD-II, a jona na'urar bincike a nemi lambar P0172 ko P0175, masu nuna mai ya yi yawa.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan damfara: wanda zai kalli baƙin hayaƙi kawai ya ce sai an sauke inji an zuba ring. Ka ce ya ɗaura gejin kamfireshan, mai auna matsin silinda, a gabanka, silinda bayan silinda, ka rubuta lambobin da hannunka. In sun yi kusa da juna, bambanci bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma sun kai abin da littafin motar ya faɗa, kada ka yarda a kwance inji.

Wanda ya riga ya sayi akwatin, ya zare shi yau. Bayan an gyara ainihin matsalar, a zaro sandar awon baƙin mai a shinshina. In tana warin fetur, a juye man a canza filtarsa kafin a hau hanya.