Wata shida ina neman kakannin matata a FamilySearch

Matata baƙar fata ce 'yar jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Tun da muka yi aure, duk sanda muka je gaishe da kakarta sai ta maimaita magana ɗaya: "Mutanenmu suna kwance can cikin daji, bayan makabartar Turawan gandu." Ba ta san sunan kowa ba bayan kakanta. Da Allah ya ba mu 'yarmu ta fari, abin ya fara tsaya mini a rai. Ta wajena zan iya jero wa yarinyar nan kakanni bakwai, domin a gidanmu a Katsina tun muna ƙanana ake karanta mana su. Ta wajen uwarta kuwa uku ne, daga nan sai duhu. Dalilin da ya sa na yi rajista a FamilySearch, shafin intanet na binciken salsala, ke nan, na kuma shafe wata shida ina shiga kusan kullum bayan isha'i.

Shafin na Cocin Mormon ne da ke birnin Salt Lake a jihar Utah, kuma kyauta ne, ko lambar katin banki ba a tambaye ni ba. Na ɗan yi ɗari-ɗari da farko saboda sunan coci, amma har yau babu wanda ya yi mini wa'azi. Abin da ya fi burge ni shi ne ana nuna maka hoton ainihin tsohuwar takardar da kake nema, da rubutun hannun wanda ya cika ta, ka karanta da idonka.

Na fara daga takardun mutuwa. Jihar ta soma ajiye su ne a 1915, kuma kowace tana da gurbin sunan uba da na uwar mamaci da inda aka binne shi. Takardar kakan kakar matata ita ta ba ni sunayen iyayensa biyu. Daga nan na bi ƙidayar jama'a da baya da baya: 1920, 1910, 1900. Ta 1890 gobara ta lalata kusan dukkanta a 1921 a Washinton, don haka dole ka yi tsallen shekara ashirin. Ta 1880 ta faɗi wane ne ɗan wane. Ta 1870 ta jera mutanen gidan ba tare da dangantaka ba, amma ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu, bayan an soke bauta a 1865. A nan na ga uwar kakan nan, da shekarunta, an rubuta sana'arta aikin gona.

Daga nan hanya ta toshe. A 1850 da 1860 an ƙidaya bayi a wata takarda daban. Sunan ubangida ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma layi-layi: shekaru, namiji ko mace, launin fata. Babu suna ko ɗaya. Na daɗe ina kallon wani shafi mai layi sama da arba'in, na san tana cikinsu, amma babu yadda zan nuna ta. Daren nan ban iya ci gaba ba.

Wata dattijuwa mai aikin sa-kai a ɗakin karatun garin da muke zaune ce ta ba ni mabuɗin. Ta ce, "Ɗana, ka bar neman naku tukuna. Bi zuriyar mai gandun." Gaskiyarta. Bawa dukiya ne a idon dokar lokacin, saboda haka sunansa yana fitowa ne a inda ake lissafin dukiya: wasiyya, rabon gado, takardar jingina, kyautar aure. Sai ga ni ina haɗa salsalar iyalin da suka mallaki dangin matata, wa ya auri wa, wace 'ya ce ta tare a wane gari, domin yadda ake haɗa wa amarya kayan ɗaki a wajenmu, haka ake haɗa wa 'yar mai gandu bayi ta tafi da su gidan miji. Nasu tarihin a cike yake taf, har ranar haihuwa da ranar aure. A 2024 shafin ya fito da wata hanyar bincike da kwamfuta ke karanta tsohon rubutun hannu, ka rubuta suna ta zaƙulo maka shi daga cikin kundin kotu. Da ita na samo lissafin kayan gado na tsohon mai gandun. Sunan matar nan yana ciki, suna ɗaya tilo, da farashinta a gefe, a shafi guda da alfadarai da garma. Bayan haka na same ta a takardun Hukumar 'Yantattun Bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, a wata yarjejeniyar ƙwadago a gandun nan dai, ta sa alamar X a madadin sa hannu.

Mai son gwadawa ya san abu uku. Wasu hotunan ba sa buɗewa daga gida, sai ka je cibiyarsu ko ɗakin karatun da ke da alaƙa da su. Bishiyar zuriyar da ke shafin ta kowa ce, kowa na iya gyara ta, don haka kada ka ɗauki abin da babu takarda a jikinsa. Sannan ka gwada suna ta kowace irin rubutawa, domin masu ƙidaya da kunne suke rubutu.

Makabartar kuwa a Find a Grave, shafin da ake ɗora hotunan kaburbura, na gano ta. Wani ɗan sa-kai ya ɗora hotunan duwatsun iyalin mai gandun da taswirar wurin. Filin yanzu na wani ne, amma dokar jihar ta ba dangi damar ziyartar kabarin da ke cikin gonar wani idan sun sanar da shi tun da wuri. Na rubuta wasiƙa, mutumin ya amsa da mutunci, har ya buɗe mana ƙofa da kansa. Muka je da sanyi, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma macizai suka ɓuya.

Makabartar Turawan tana da katangar jan bulo iya ƙugu, a ciki duwatsun marmara masu rubutu, wasu sun karkace. Kaka ba ta ko leƙa ba. Ta dogara sandarta ta zagaya baya, ta ce da ni, "Zo nan, ɗana, dubi ƙasa." Sai a lokacin na lura ƙasar ta lotsa wuri-wuri, tsawon mutum, a jere, duk sun miƙe daga yamma zuwa gabas. A kan wani akwai dutse marar rubutu. Da na share ganye da hannu sai ga fasasshen faranti da ɓawon kawa na teku sun yi fari. Ta ce haka ake yi, ana ɗora wa mamaci abin da ya yi amfani da shi na ƙarshe. Kabari marar suna ba baƙon abu ba ne a wajena, haka namu suke a gida. Amma a gida akwai mai nuna maka ya ce nan ne babanka, a nan kuwa ita kaɗai ta rage mai nunawa, kuma ta haura tamanin.

Mun ƙirga wurare ashirin da uku da ƙasa ta lotsa. Babu ko ɗaya a intanet, kuma babu takardar da ta ce wanne ne na matar da na yi wata shida ina nema. Na ɗauki hoton kowanne, na ɗauki muryar Kaka a waya tana faɗin abin da ta ji daga bakin kakanta, na liƙa lissafin gadon da yarjejeniyar ƙwadagon a ƙarƙashin sunan matar a FamilySearch don wani ɗan uwa da zai zo nema nan gaba. Mai filin ya yarda mu dawo kafin bazara da manjagara da adda, mu da 'yan uwan matata, mu share wurin.