Shagon Littattafan Gwanjo na Kusa da Taminus da Kantarsa ta Labaran Soyayya na Yammacin Amurka

Wata bakwai ke nan ina zuwa wani ɗan shagon littattafan gwanjo da ke cikin wani lungu kusa da kasuwar Taminus a nan Jos, kuma tun da 'yan'uwa a zumuntar mata ta majami'armu suka fara tambayata inda nake samo littattafan da suke gani a jakata, na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da wurin, mai daɗi da marar daɗi. Shagon ba shi da allon suna, girmansa bai wuce ɗaki guda ba, mai shi kuwa wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. Yawancin masu shiga ɗalibai ne masu neman littattafan makaranta, amma a bango na hannun hagu akwai kanta biyu da ya ware wa labaran soyayya na Kirista, waɗanda aka gina a kan rayuwar mutanen da suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka a ƙarni na 19. Waɗannan kantoci ne suke kai ni.

Ranar da na fara shiga, da sanyin hunturu, na tarar da Baba sanye da hular sanyi yana goge littattafai da tsumma. Na gaishe shi, na ce ina neman labarin da zan iya karantawa in kuma miƙa wa 'yata mai shekara 16 ba tare da fargaba ba. Ya ce, “'Yata, zauna tukuna,” ya zaro guda uku ba tare da ya duba sunayensu ba, ya faɗa mini wanne ne na farko a jerin, wanne ne zai sa ni kuka. A cikin bangon ɗaya akwai hatimin ɗakin karatu na wata majami'a a Amurka, wata mai karatu kuma ta ja layi da fensir a ƙarƙashin duk ayar da aka ambata, har na ji kamar tare da ita nake karantawa. Da dama daga cikinsu bugun Bethany House ne, wani kamfanin buga littattafai da ke jihar Minnesota ta Amurka, wanda ya yi fice da irin wannan labari tun daga 1979.

Tsarin cinikin mai sauƙi ne, shi ne kuma babban abin yabo a wurin. Mutum yana iya saya, ko ya saya ya karanta ya dawo da shi a rage masa kuɗin na gaba, kuma ko sayen ma bai kai rabin kuɗin sabon littafi ba. Baba ba ya takura wa mai dubawa, akwai benci, za ka iya karanta babi guda kafin ka yanke shawara.

Ga wanda bai san irin labaran ba, tushensu tarihi ne na gaske. A ranar 20 ga Mayu, 1862, shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar mallakar fili eka 160, wato kimanin hekta 65, idan ya gina muhalli a kai ya noma shi shekara biyar. Tun kafin nan iyalai suna bin hanyar Oregon mai tsawon kusan kilomita 3,500 a cikin amalanken shanu mai rumfa, tafiyar wata huɗu zuwa shida, kwalara tana binne mutane a gefen hanya, har zuwa 1869 da layin dogo ya haɗa gabas da yamma. Maza sun fi mata yawa ƙwarai a sababbin garuruwan, shi ya sa namiji kan ba da sanarwa a jarida cewa yana neman matar aure, a yi ta musayar wasiƙu, mace ta hau jirgin ƙasa ta je ta auri mutumin da ba ta taɓa gani ba. Daga wannan al'ada ce marubutan suka fi ɗibar labarinsu.

Abin da ya kama zuciyata shi ne soyayyar ba ta zuwa da wuri. Aure ake fara ɗaurawa, sau da yawa don larura, marayu na bukatar uwa ko gona na bukatar hannu, sa'an nan ƙauna ta tsiro a hankali cikin ɗebo ruwa, jinyar yaro mai zazzaɓi da addu'ar dare. A ɗaya daga cikin waɗanda na fi so, ma'auratan suna zaune a Nebraska cikin ɗakin da aka gina da yankan ƙasa mai saiwar ciyawa, domin babu itace a filin, sai fara ta sauka ta cinye masara ƙarƙaf, kamar yadda ta yi da gaske a 1874. Mijin ya zauna a bakin gona ya kasa magana, matar ta kawo masa abinci ta zauna kusa da shi ba ta ce uffan ba, kuma a wannan shirun ne mai karatu yake gane cewa sun zama miji da mata. Duk wanda ya taɓa ganin ƙanƙara ta lalata gonar dankali a Bokkos ko Mangu ya san wannan zaman. Masu wa'azin ɗarikar Metodis da ke yawo a kan doki daga ƙauye zuwa ƙauye kuma sun tuna mini da masu bishara na dā da kekunansu, waɗanda iyayenmu suke ba mu labari. Inuwar Rut da Bo'aza tana cikin kusan kowane littafi, baƙuwa a ƙasar da ba tata ba, da namiji mai kunya da riƙon amana. Babu batsa ko kaɗan, kuma 'yata ta karanta biyar, Turancinta ma ya ƙaru.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, ban kuwa ga dalilin ɓoye shi ba. A cikin littattafai goma sha ɗaya da na karanta, ana kwatanta filin nan kamar daji ne da Allah ya ajiye ba mai shi, alhali akwai mutanen da suka gaji wurin kaka da kakanni, Lakota da Shayen da Arapaho da sauransu. Idan sun bayyana a labarin, to ko dai abin tsoro ne a cikin dare, ko wani mutum guda mai kirki da ya nuna hanya ya ɓace. Tarihi bai yi shiru haka ba. A watan Nuwamba na 1864, a Sand Creek cikin Kolorado, sojoji suka afka wa zangon Shayen da Arapaho suka kashe mutane, mafi yawansu mata da yara da tsofaffi, wanda ya jagorance su kuwa, John Chivington, ya taɓa zama mai wa'azin Metodis. Mu da muke wucewa ta gefen ramukan kuza a Bukuru da Barikin Ladi, inda gonakin kakanni suka koma tafkuna bayan kamfanonin Turawa sun kwashe abin da suke so, ba za mu iya karanta addu'ar godiya a kan sabon fili ba tare da mun tambayi na wane ne jiya ba. Labarin da yake koyar da tuba da gafara a cikin gida ya kamata ya iya duban wannan ma. Haka kuma ban ci karo da baƙar fata ko ɗaya a matsayin jarumi ba, ko da yake 'yantattun bayi sun kafa garin Nicodemus a Kansas a 1877, dubbai kuma sun bi sahu a 1879. Na zaunar da 'yata na yi mata wannan bayani kafin ta ɗauki na shida.

Shagon kansa yana da nasa rauni. Babu rajistar littattafai, komai a kan Baba yake, saboda haka ranar da ya bar wa yaronsa shago, sai mutum ya yi ta tono da kansa cikin ƙura. Da damina danshi yana kama na kantar ƙasa har su yi wari, idan aka ɗauke wuta kuma cikin shagon duhu ne. Yawancin labaran jeri ne na uku ko huɗu, amma da wuya a sami jerin cikakke. Sau ɗaya na kai littafi gida, na kwana biyu a kansa, sai na tarar shafuka takwas na ƙarshe babu su, daidai inda matar take jiran amsar wasiƙarta. Da na mayar, Baba ya ba ni haƙuri ya canza mini nan take ba gardama, amma tun daga ranar nake duba shafin ƙarshe kafin in biya, ina kuma ba kowa shawarar yin haka.

Duk littattafan da Turanci suke, wannan kuwa ya hana mata da yawa a zumuntarmu, waɗanda suke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa sarai, su amfana. Wata uwa a cikinmu takan sa in ba ta labarin babi-babi bayan taron ranar Talata, har ta fara tsawata wa jarumin kamar surukinta. Shagon yana rufe ranar Lahadi, kuma an fi samun Baba da kansa da hantsi. Na roƙe shi ya nemo mini labarin da aka ba da shi daga bakin 'yan asalin ƙasar, ya rubuta a bayan wani kwali, ya ce in leƙo idan sababbin kaya sun iso ƙarshen wata.