An sallame ni ranar da aka ga gudan jini a huhuna

Kwana huɗu da dawowata Ingila daga Kano numfashina ya fara sarƙewa, gefen ƙirjina yana suka. Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna gudan jini ya toshe wata jijiya a huhuna, kuma likita ta ce mai yiwuwa daga ƙafa ya taso saboda dogon zama a jirgi. Ina jiran a ba ni gado a rataya mini ƙarin ruwa, sai ta ce kafin magariba zan koma gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ɗauka wulaƙanci ne irin wanda ake yi wa baƙo.

Da ta lura da fuskata, sai ta juyo kwamfutarta ta nuna mini wani ma'auni da ake kira PESI, wanda da shi suke hasashen wanda cutar za ta iya yi wa mummunan lahani. Ana duba shekarun mutum, da ko yana da sankara ko daɗaɗɗen ciwon zuciya ko na huhu, da ko bugun zuciyarsa ya kai 110 a minti, ko awon jininsa na sama ya gaza 100, ko iskar oksijin ɗinsa ba ta kai kashi 90 cikin ɗari ba. Makina ya fito kaɗan, shi ya sa aka bar gadon ga wanda ya fi ni bukata.

Bayan haɗarin gudan jinin, haɗari na biyu kuwa daga maganin yake, tunda abin da ke hana jini daskarewa yana iya jawo zubarsa. Sai da ta gwada ƙodata da yawan jinina, ta tambaye ni ko na taɓa yin gyambon ciki, sannan ta rubuta apixaban, miligiram 10 sau biyu a rana na kwana 7, daga nan miligiram 5 sau biyu a rana, na aƙalla wata 3. Ta hana ni shan ibuprofen da diclofenac. Nan hankalina ya tashi, domin na tuna yadda muke sayen waɗannan a kemis ba tare da kowa ya tambayi abin da muke sha ba, da yadda muke ajiye magani da zarar jiki ya yi sauƙi.

Na yaba da aikinsu, amma daren nan na kwana ni kaɗai, babu mai dubiya, babu ko kofin kunu daga maƙwabta, ina ta tuna gida.